'Yan tsakina sun ƙi girma, maigida ya ce in sayar in koma burola

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce a Daura, 'ya'yana uku. Da na kwashi adashe da damina sai na sayi kajin gida biyar da zakara ɗaya, don in samu abin taɓawa ba sai kullum na miƙa wa maigida hannu ba. Uku suka yi kwanci, suka ƙyanƙyashe 'yan tsaki 29. Yau sati 7, saura 13. Shirwa ta ɗauki wasu, biyu sun faɗa kaskon ruwa, sauran kuwa sai in tashi da safe in tarar sun saki fiffike, kafin azahar sun mutu. Waɗanda suka rage ma sun ƙi girma, alhali ba na fasa ba su tsakin gero, ina kuma fasa musu kafso ja da rawaya a ruwa. Facalata ta sayi burola a satin da nawa suka fito, ga shi har ta fara sayarwa. Maigida ya ce in tattara in sayar in bi sahunta, surukata kuma ta ce ba ni da hannun kiwo. Ni kuwa ina zargin ko baki ne. Saura wata 4 ƙaramar Salla, ita na sa wa rai. Me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki sayar. Ɗan tsako mai sati 7 ba shi da kuɗi a kasuwa, kuma wanda zai saye shi a hannunki yau shi zai ci wahalar da kika riga kika sha, domin mafi hatsarin kwanakinsu ya kusa wucewa.

Abu biyu ne suka haɗu suka yi miki nauyi, rashin saurin girma da yawan mutuwa. Na farkon a jininsu yake, abin da za ki iya ƙarawa a kai kaɗan ne. Na biyun kuwa mafi yawansa yana hannunki.

Mu fara da kajin facalarki, tunda su ne ma'aunin da ake auna ki da shi a gidan. Burola kaza ce da kamfanoni suka shafe shekaru da dama suna tace irinta don abu ɗaya tak, tara nama cikin gaggawa. Tun daga ƙwai aka fara tsere muku. Ƙwan kazar gida yakan yi giram 35 zuwa 40, na kajin gona kuwa yakan kai 55 zuwa 60, ɗan tsako kuma yana fitowa da wajen kashi biyu cikin uku na nauyin ƙwan da ya fito daga ciki. Shi ya sa naki ke fitowa da wajen giram 23 zuwa 27, nata da wajen 37 zuwa 40. A sati 6 burolar da ta samu abinci yadda ya kamata tana kai kilo 2. Ɗan kazar gida, ko da an kula da shi sosai, a sati 8 da ƙyar yake kai rabin kilo, kuma sai wajen wata 5 yake taɓa kilo 1. Budurwar kazar gida ba ta fara ƙwai sai ta yi kimanin wata 6. Ko a gidan Sarkin Daura aka kiwata su, haka za su yi.

Abin da ba a faɗa miki ba shi ne kowace burola ɗaya tana cinye wajen kilo 4 na abincin buhu kafin ta kai wannan nauyin, ba ta kwanci, ba ta raino, kuma ranar da ta isa yanka in ba a samu mai saye ba, kullum ribar take ci. In aka shiga zafin Maris da Afrilu na ƙasar nan kuwa, sai ki ga ta buɗe baki tana haki ta faɗi. Taki kazar tana tono ta nemi rabin abincinta, ta yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara cikin zubi uku ko huɗu, ta kwanta a kansu kwana 21, ta fito miki da sabon jari ba tare da kin je wurin dillali ba. Sana'o'i biyu ne daban, kowace da lissafinta.

To amma akwai jinkirin da yake na jini, akwai kuma tsumburewa, kuma ina zaton naki sun taɓa ta biyun. Ga yadda za ki gane. Jikin ɗan tsako ba ya girma gaba ɗaya a lokaci guda. A satin farko hanji da ƙundu ne ke gaba, domin sai injin niƙa ya kafu sannan sauran jiki zai samu rabonsa. Daga nan sai ƙashi da gashi. Gashin fiffike ne ke fara fitowa tun a kwanakin farko, sai na wutsiya da kafaɗa, sai ƙirji da baya, kai da wuya su ne na ƙarshe. Mafi yawan ginin ƙashi a wata 3 na farko ake yin sa, nama daga baya yake zuwa ya hau kan abin da aka gina. Shi ya sa ɗan kazar gida mai wata 2 za ki gan shi duk ƙafa da wuya, kamar bai ci komai ba, alhali lafiyarsa lau.

Yau da magariba, in sun shiga akurki, ki kama ɗaya ki kwantar da shi a tafin hannunki. Ki shafa ƙashin tsakiyar ƙirjinsa da babban yatsa. In kin ji nama kaɗan hagu da dama ya rufe gefen ƙashin, yana kan hanya. In kuwa ƙashin ya fito tsini ba komai a gefensa, yunwa ce ko tsutsar ciki. Ki taɓa jakar abincin da ke gindin wuyansa ta dama, ya kamata ki ji ta cike da yamma, ki ji ta sace da asuba. Ki duba ƙwaurinsa, miƙaƙƙe ne mai sheƙi ko busasshe mai lanƙwasa. Ki buɗe ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya ki nemi ƙuma da ƙwarƙwata, domin suna shan jinin ɗan tsako har zankonsa ya yi fari. A sati 7 ya kamata gashi ya rufe kusan duk jikinsa. In har yanzu bayansa a buɗe yake, fiffike ya yi masa tsawo yana ja a ƙasa, abincinsa bai da abin gina jiki. Sai dai kada ki ruɗe da irin da halittarsu ce haka: mai wuya babu gashi, da mai birkitaccen gashi, da durgu mai gajerun ƙafafu, duk lafiyayyu ne, na farkon ma ya fi sauran jure zafi.

Nan ne zan daɗe, domin nan matsalarki ta fi yawa. Tsakin gero abinci ne, amma abincin ƙarfi ne kawai. Gero da dawa da masara abin gina jikin da ke cikinsu bai wuce kashi 9 zuwa 12 cikin 100 ba, ɗan tsako kuwa a sati 6 zuwa 8 na farko yana bukatar kashi 18 zuwa 20. A ƙauye da damina uwar ce ke cike giɓin, tana tona musu gara da tsutsa da ƙananan ƙwari, suna tsinkar ɗanyen haki. Ke kuma a cikin gari kike, tsakar gidanki shararriya ce, ga shi ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe. Me za ta tona musu? Suna cika ciki da gero, amma ba su da abin da za su yi gashi da ƙashi da shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki sayi abincin 'yan tsaki na kamfani, wanda masu shago ke kira sitata. Ba sai kin sayi buhu ba, ana aunawa da mudu. Ɗan kazar gida bai cika cinye kilo 1 ba a sati 6 na farko, don haka buhu ɗaya mai kilo 25 ya ishi ƙyanƙyasa irin wadda kika samu tun daga fitowa har su yi gashi. In kuɗin bai kai ba, ki haɗa naki. Ki auna gwangwani 6 na ɓarzajjen gero ko masara, gwangwani 3 na waken suya ko tunkuza busasshiya, gwangwani 1 na dusa. Ki ƙara ɗan garin busasshen kifi, irin ɓurɓushin da ke taruwa a gindin kwandon masu kifi, da ɗan garin ƙonannen ƙashi ko soyayyen ɓawon ƙwai, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Waken suya dole ki soya shi a kasko har ya yi ƙamshi kafin a niƙa, domin ɗanyensa yana da abin da ke hana hanji narkar da abinci, sai ya tsumburar da su maimakon ya gina su. Na ce tunkuza ban ce ƙuli-ƙulin kasuwa ba saboda gishiri da yaji da ake sa masa. Kuma duk gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna ki zubar, kada ki ce ai kaji ne. Gubar funfuna hanta take kamawa, ɗan tsako kuwa ba shi da hantar da za ta ɗauka.

Akwai dabarar da mutanen karkara suka daɗe suna yi, ba ta cin ko sisi. A samu tsohuwar tukunyar ƙasa, a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a inda gara ke fitowa da yamma, a rufa mata tsumma. Da safe kafin rana ta yi zafi a ɗaga, za a tarar gara ta cika ciki, sai a kakkaɓe wa 'yan tsaki. In kina da yaro mai zuwa gona, wannan aikinsa ne, amma a yi shi nesa da ɗaki da rumbu. Ganyen zogale busasshe a murje kaɗan a cikin abinci shi ma yana taimakawa. Sannan ki ajiye musu ƙananan tsakuwa ko rairayi mai tsabta a gefe, da su ƙundu ke niƙa.

Wani abin kuma, in kin watsa abinci a tsakar gida, manyan kaji da zakara ne ke cinyewa, ƙananan su samu saura. Ki samu babban kwando mai faɗin ido ki kife a kan abincin, ko ki ɗaga gefensa da dutse daidai yadda ɗan tsako zai shige babba ba za ta iya ba. Wannan kaɗai yana taimaka wa girman 'yan tsaki.

Ruwa kuma a faranti marar zurfi, ki jera tsakuwa a ciki yadda ko ya taka ba zai nutse ba. Ki wanke shi kullum.

Yanzu batun mutuwar. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoron nata ba ya hana ɗauka, rufi ne ke hanawa. Ɗan tsakon da bai kai sati 6 ba bai kamata ya yi yawo a fili ba. A killace shi da uwarsa a ƙarƙashin kwando ko ɗan keji na waya, a riƙa matsar da shi zuwa busasshen wuri, da dare a shigar da su akurkin da ɓera da gafiya da muzuru ba za su samu ƙofa ba. Naki 13 sun kusa wuce ɗaukar shirwa amma ba su gama ba, ki bar su fita da hantsi lokacin da kike tsakar gida, ki mayar da su in za ki shiga ɗaki.

Waɗanda kike tararwa da safe sun saki fiffike, sanyi da jiƙa na cikin abin da nake zargi. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashi ya rufe shi. A satin farko yana son ɗumi wajen digiri 33 zuwa 35, ana ragewa kaɗan-kaɗan kowane sati. Uwar da ke yawo da su cikin raɓa tun asuba, ko wadda aka tara wa 'ya'ya fiye da abin da fiffikenta zai rufe, dole na gefe su sha sanyi. Ga hunturu yana shigowa, kin kuwa san yadda daren Disamba da Janairu yake a Daura. Ki shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi busasshe, ki rufe gefen da iska ke bugowa da buhu. In za ki sa musu garwashi a tukunya, ki bar kafar da iska za ta fita, domin hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kashe su, yana kashe mutum ma. Su da kansu za su gaya miki: in sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki, zafi ya yi yawa.

Kafso ja da rawaya ki daina. Ba maganin girma ba ne, kuma babbar annobar da ke share kaji da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ƙwayar bairos ce, kafso ba ya taɓa ta. Kin san alamunta ko da ba ki san sunan ba: koren zawo, numfashi da ƙyar, kaza ta yi tsaye kamar ta yafa bargo, wata wuyanta ya murɗe tana juyi. Ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin, akwai wadda ake kira Lasota, akwai kuma wadda ake kira I-2 da aka yi don kajin karkara saboda ta fi jure rashin firji. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4, manya da ƙanana. Ki sa maigida ya je asibitin dabbobi ko sashen noma na ƙaramar hukuma ya tambaya a cikin satin nan, kafin iska ta kankama. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, kuma in an haɗa ta da ruwa ba ta wuce awa biyu, don haka ki haɗa kai da maƙwabta a yi rana ɗaya. Ribar biyu ce, kuɗin ya ragu, kuma kajin da naki ke cuɗanya da su sun samu kariya. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata, a ware ta. A nan ne kuma za a ba ki maganin tsutsar ciki daidai da shekarunsu, ki tambayi batun rigakafin gumboro, wata cutar 'yan tsaki, da na ƙurajen fuska don ƙyanƙyasa ta gaba.

Duk kazar da ta shigo gidan daga kasuwa, ko ta Mai'aduwa ce ko ta cikin gari, ko ma kyauta aka kawo ta barka, a ɗaure ta gefe sati biyu kafin ta haɗu da naki. Yawancin annoba a ƙafar sabuwar kaza take shigowa. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a bola. In kuwa kika ga manya suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka a ci, a sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye tun da ta ɓulla a ƙasar nan a 2006 ba ta daina dawowa ba.

Kan ƙyanƙyasa ta gaba, ki zaɓi ƙwai manya masu kyan siffa waɗanda ba su wuce sati ɗaya ba, ki sa wa kowace kaza 10 zuwa 12. In sun fito kada ki ce ai da sauran gwaiduwa a cikinsu. Gaskiya ne tana riƙe su kwana biyu zuwa uku, amma wanda ya fara ci da sha a ranar farko hanjinsa ya fi saurin kafuwa, kuma tazarar da ya bayar ba a cika kamo ta ba. In sun yi gashi a sati 6, ki raba su da uwar, za ta koma ƙwai da wuri maimakon ta yi wata 3 tana jan su. Zakara kuma ki sauya shi duk shekara daga wani gida mai nisa, kada ya hau 'ya'yansa, domin haka ke sa iri ya ƙanƙance. In kin samu zakaran kajin Fulani, sun fi na gari girman jiki. Za a ba ki shawarar Noila, ko ShikaBrown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya. Kaji ne masu kyau, ta farkon don nama da ƙwai, ta biyun don ƙwai, sai dai cinsu ya fi na naki, kuma ba su cika kwanci ba. Ni a ganina ki fara iya raya na gida tukuna, kada ki rabu da iyayen da ke miki kwanci kyauta.

Maganar surukarki kada ki mayar mata, ki bar ta a matsayin uwa. Abin da ake kira hannun kiwo, in kika zauna kusa da tsohuwar da aka ce tana da shi, za ki ga tana tashi da asuba ta duba akurki, tana share kashi ta zuba toka, ta san wace kaza ce ba ta ci ba yau. Ki ma tambaye ta yadda suke yi a zamaninsu, za ki samu abin ƙaruwa, ita kuma za ta ji an girmama ta. Baki kuwa gaskiya ne, ki yi addu'o'inki safe da yamma, amma kada ki ɗora wa kowa zargi a ranki, balle facalarki. Duk abin da kika lissafa mini, daga shirwa har kasko har sakin fiffike, yana da sababin da ido ke gani.

Shi kuma maigida ba ƙin ki yake yi ba, kuɗi ya gani sun shigo gidan ɗan'uwansa. Kuɗin adashenki naki ne, amma kada ki tunkare shi da wannan. Ki samu lokacin da ya huta, ki ce ku yi lissafi tare: nawa aka sayi 'yan burola, buhu nawa suka ci, nawa aka kashe a magani da gawayi, nawa suka mutu, nawa ya rage bayan an sayar. Sannan ki nuna masa naki, kaji biyar da zakara suna nan da ransu, ga 13 a kai, ga wani kwancin yana tafe. Ki roƙe shi abu biyu kawai, ya nemo miki rigakafi, ya kuma ba ki zuwa Salla. In daga baya kuna son gwada burola, ku gwada da 'yan kaɗan a keji daban, lokacin da ba zafi, kuma da kuɗin da ba na cefane ba.

Zuwa Salla naki za su kai wajen wata 6. In kin gyara abincin daga yanzu, zakarun za su isa sayarwa, ko da waɗanda suka fi tsumburewa ba za su kamo 'yan'uwansu duka ba. Kazar gida kuwa ba ta rasa mai saye a satin Salla, akwai gidajen da ba sa sa burola a miya ko kyauta aka ba su. Tun yanzu za ki fara gane zakarun, zankonsu ya fi girma da ja, ƙafarsu ta fi kauri. Ki ɗaura wa manyan 'yan matan zare a ƙafa, waɗanda suka fi saurin yin gashi da faɗin ƙirji, su ne iyayen baɗi, ko nawa aka taya kada ki saki. Zakarun ki sayar duka, ki cire kuɗin sabon zakara da na abincin 'yan tsaki na gaba kafin ki taɓa sauran.